Siffar Amsar Wasiƙa A Zamanin Imel



Da wani abokin aikina ya ji abin da na zaɓa in yi magana a kansa yau, watau yadda mutum zai tsara siffar amsarsa in yana rubuta imel da manhajar sarrafa rubutu, sai ya yi dariya ya ce ashe malamin Hausa ya koma makanikin kwamfuta. Ban yi masa musu ba. Sai dai na tuna masa cewa rubutun wasiƙa tsohon darasi ne a ajin Hausa, kuma tun muna firamare aka koya mana inda ake sa adireshi, da inda ake sa kwanan wata, da yadda ake gai da babba. Darasin bai mutu ba. Abin da ya faru shi ne an ɗauke shi daga hannun malami an danƙa wa na'ura, mu kuwa muka bar mata ba tare da mun tambayi abin da take koya mana ba.

Bari mu fara da abin da muka gada. Wasiƙar Bahaushe ta dā tana buɗewa da sunan wanda ta fito daga hannunsa da wanda za ta je wurinsa, sa'an nan gaisuwa da fatan alheri, kana a ce "bayan haka" a shiga magana, a rufe da "haza wasalam". In amsa ce, akwai jimla ɗaya da ba a tsallake ta: "Na sami takardarka ta ran kaza ga watan kaza, na kuma fahimci abin da ke ciki." Wannan jimla ba ado ba ce. Ita ce igiyar da ke ɗaure amsa da tambaya, gama takardar farko tana hannun mai amsawa, wanda ya rubuta ta kuwa wataƙila ya manta rabin abin da ya faɗa. Ku ma'aikata kun fi ni sanin yadda ofis ya warware wannan matsala. Takarda tana shiga fayil a ba ta lambar shafi, kowane jami'i ya rubuta bayaninsa a ƙarƙashin na wanda ya gabace shi, ya sa hannu da kwanan wata, har a wurare da yawa launin tawada kaɗai ya isa a gane ko babba ne ya yi rubutun ko ƙarami. Duk wanda ya buɗe fayil bayan shekara goma zai san wa ya ce me, kuma yaushe. Wannan ita ce buƙatar da nake so mu riƙe a zuciya har ƙarshen wannan lacca.

A shekarar 1971 wani injiniya a Amurka, Ray Tomlinson, ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, shi ne kuma ya zaɓi alamar @ don raba sunan mutum da sunan na'urar da yake kanta. Saƙonnin wancan zamani rubutu ne tsura, babu launi, babu harafi mai kauri, kuma haruffan da aka tanada su ne na tsarin ASCII, mai alamomi 128 kacal, waɗanda aka zaɓa domin Turanci. Mutanen da suka yi aiki da wannan tsari suka ƙirƙiro al'adarsu ta amsawa. Sai su sa alamar > a farkon kowane layi na maganar abokinsu, su share abin da ba su bukata, su rubuta tasu amsar a ƙarƙashin kowace gaɓa. In magana ta yi zagaye biyu sai alamar ta zama biyu. A 1995 wata ma'aikaciyar kamfanin Intel, Sally Hambridge, ta tattara ladubban wannan hulɗa a wata takarda da ake kira RFC 1855, inda ta ba da shawarar mai amsawa ya kawo iyakar abin da zai sa a fahimci amsarsa daga saƙon farko, kada ya kwaso shi duka. Kafin nan, a 1992, an fito da tsarin MIME, wanda ya buɗe ƙofar haɗa saƙo da hoto da takardu da haruffan wasu harsuna.

To, ina manhajar sarrafa rubutu ta shigo? Kamfanin Microsoft ya fito da Word a 1983, ya fito da Outlook a 1997. Tun daga farko an bai wa mai amfani da Outlook damar ya sa Word ya zama shi ne allon da zai riƙa rubuta saƙonninsa a kai, ya kuma iya ƙi in ya ga dama. Haka aka tafi har fitowar 2003. Daga Outlook na 2007 aka janye wannan zaɓi, injin Word ya zama shi ke rubuta saƙo, shi ke kuma nuna wanda ya shigo. Akwai sabon Outlook da kamfanin ya saki ga jama'a a 2024, wanda aka gina bisa fasahar shafukan intanet, ba ya dogara da Word. Amma tsohon yana nan a kan teburori masu yawa, kuma shi nake nufi a duk abin da zai biyo baya. Ma'anar wannan tarihi a taƙaice ita ce, akawun da ya danna maɓallin amsa yana cikin Word ne ko ya sani ko bai sani ba, kuma duk halayen Word, na kirki da na ban haushi, suna biye da shi cikin wasiƙarsa.

Da zarar ka danna wannan maɓalli, kafin ka buga harafi ɗaya, an riga an yanke maka hukunci da dama. An sa RE: a gaban kan magana. An ja layi, an jera sunan wanda ya aiko da lokacin da ya aiko da waɗanda ya aika wa, an zubo saƙonsa gaba ɗaya a ƙasa. An ajiye ka a can sama, an zaɓa maka samfurin harafi da girmansa da launinsa. An kuma cire takardun da ya haɗo da saƙon, domin amsa ba ta ɗaukar su, sai in tura saƙon ka yi zuwa wani. Ba wanda ya shawarce ka a kan ko ɗaya. Amma wasu daga cikinsu ana iya sauya su, kuma wurin sauyawar ba shi da nisa: a shiga File, a zaɓi Options, a zaɓi Mail.

A can akwai sashen da ya shafi amsawa da turawa, inda aka ba ka hanya biyar game da saƙon asali. Kana iya barinsa gaba ɗaya kada ya fito a amsarka. Kana iya maƙala shi kamar takarda a cikin ambulan. Kana iya zubo shi yadda yake, wanda shi ne abin da na'ura ke yi in ba a taɓa ta ba. Kana iya tura shi ciki kaɗan daga gefen shafi. Ko kuwa ka sa alama a farkon kowane layinsa. Ni a ganina ta ƙarshen nan ta fi sauran amfani ga ma'aikaci, ita ce kuma aka fi yin watsi da ita. In saƙon rubutu tsura ne, alamar > ɗin nan ta mutanen farko za ta fito. In kuwa mai ado ne, sai a ja dogon layi shuɗi a gefen hagu na maganar abokinka. Ta farkon, watau barin saƙon asali baki ɗaya, ba na ba ma'aikacin gwamnati shawarar ya ɗauke ta, domin amsar da ta ce "na amince" ba tare da an ga abin da aka amince da shi ba takarda ce da kowa zai iya liƙa ta a jikin abin da ya so.

Akwai tsohuwar gardama a kan ko amsa ta hau sama ko ta sauka ƙasa. Masu bin al'adar farko suna cewa mutum daga sama yake karatu zuwa ƙasa, don haka tambaya ta riga amsa, kamar dai yadda bayanai ke bin juna a fayil. Outlook ya bi ɗaya hanyar, ya sa amsa a sama, kuma saboda yawan ofisoshin da ke aiki da shi wannan ta zama al'adar ofis a duniya. Tsohon Outlook bai ma tanadi wurin da za ka umarce shi ya ajiye ka a ƙasa ba, alhali kuwa manhaja irin su Thunderbird ta bar wa mutum zaɓi. Ba zan ɓata lokacinku a kan wannan ba. In magana ɗaya ce, amsa a sama ta wadatar, babban sakatare mai saƙo ɗari a gabansa zai gode maka. Wahalar tana zuwa ne in an yi maka tambaya biyar ko shida a saƙo guda, ka ga ya fi sauƙi ka shiga cikin rubutun mai tambaya ka amsa kowace a gindinta. A nan ne ake yin ɓarna, kuma ni kaina na taɓa yin ta.

Shekarun baya an sa ni cikin wani kwamiti da zai duba yadda za a raba wasu kuɗin bincike. Sakataren kwamitin ya aiko mana da daftarin shawarwari, ni kuwa akwai sakin layi ɗaya da ban yarda da shi ba ko kaɗan. Sai na shiga ƙarƙashinsa na rubuta cewa in za a bi wannan hanya, to, gara a cire ƙananan malamai daga rabon a fito fili a faɗa, domin abin da sharaɗin zai haifar ke nan. Gatse nake yi. Na'urata ta rubuta maganata da shuɗi, daftarin kuwa baƙi ne, saboda haka a idona bambancin a fili yake. Sakataren ya buga saƙon a takarda da injin da ba ya fitar da launi, aka sa a fayil, aka kai wa shugaban kwamitin da bai halarci zaman farko ba. Ranar taro sai na ji ana karanta gatsena a matsayin shawara ta huɗu, har wani ya ce ai ba laifi a duba ta. Na sha wuya kafin in wanke kaina, kuma akwai wani matashin malami da ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata da sakin fuska. Laifin ba na sakataren ba ne. Ni na dogara da launi, launi kuwa ba ya jure tafiya: injin bugawa yana kashe shi, wasu wayoyin suna sauya shi, duk wanda ya mai da saƙon rubutu tsura ya shafe shi.

Abin haushin shi ne maganin yana nan cikin manhajar tun tuni. A sashen da ake zaɓen samfurin haruffa, wanda aka rubuta wa Stationery and Fonts, akwai wani ɗan akwati da in ka cika shi da sunanka, to, duk lokacin da ka yi rubutu a tsakiyar saƙon wani, na'ura za ta fara sa sunan naka cikin baka kafin maganarka. Suna harafi ne, yana bin takarda duk inda ta je, ko da launi ko babu. Wannan shi ne sa hannun da jami'i ke yi a ƙarƙashin bayaninsa a fayil. A wurin kuma akwai zaɓin da ke sa a ɗauko sabon launi duk sa'ad da aka amsa. Yana da kyau a ido in mutum uku ko huɗu suna musayar magana, amma ƙari ne kawai a kan suna. A nan ne har wa yau ake ware samfurin harafin sabon saƙo daban, na amsa daban. Daga 2007 Calibri ne samfurin da kamfanin ya ɗora wa kowa, sa'an nan daga 2023 ya fara maye gurbinsa da Aptos. Shawarata a nan gajeriya ce: a zaɓi samfurin da kowace na'ura ke da shi, a bar girmansa a 11 ko 12, a bar launinsa baƙi ko shuɗi mai duhu. Na taɓa samun takardar gayyatar jana'iza da harafi mai lanƙwasa, ruwan hoda, a kan shafi mai furanni, domin mai aikowa ya zaɓi wannan ado tun wani biki ya manta bai cire ba.

Sai batun nau'in saƙon kansa, wanda ya kasu uku. Akwai rubutu tsura, akwai HTML mai ɗaukar launi da jadawali da hoto, akwai kuma wani na kamfanin Microsoft da ake kira Rich Text. Ƙa'idar Outlook ita ce yana amsa saƙo da nau'in da ya zo da shi. Wannan ne dalilin da ya sa wani lokaci za ka ga duk maɓallan ado sun dushe sun ƙi aiki, ka zaci na'ura ta lalace, alhali wanda ya rubuto maka ne ya aiko da rubutu tsura. Ana iya juya nau'in a cikin amsar, amma kafin ka juya ka tambayi kanka ko yana da dalilinsa. Na ukun nan kuwa a guje shi in saƙo zai fita daga ofis, domin wanda ba ya aiki da Outlook sau da yawa abin da zai gani shi ne wani ƙunshi mai suna winmail.dat da ba zai iya buɗewa ba, takardun da aka haɗo masa kuma suna ƙulle a ciki. Haka nan wanda ya kwafo rubutu daga wata takardar Word ya zuba cikin amsa, ya sani ya kwaso har da samfurin harafinta da tazarar layukanta, shi ya sa ake ganin wasiƙa ɗaya da rubutu iri uku kamar rigar da aka yi wa faci. Wurin zubawa akwai zaɓin a ɗauki kalmomin kaɗai a bar adon.

Yanzu na zo inda abin ya fi shafata a matsayina na malamin Hausa. Word yana da ɗabi'ar gyara wa mutum rubutu tun bai nema ba, kuma in an bar shi a kan Turanci da ƙa'idar Turanci zai yi gyaran. Ka rubuta "i" kana nufin ka amsa, sai ya mai da shi babban harafi, domin a Turanci wannan harafi in ya tsaya shi kaɗai wakilin suna ne. Ka rubuta 'ya'ya ko 'yan'uwa, sai ya ɗauki alamar farko a matsayin buɗe zance ya juya ta baibai, ta biyun kuma ya bar ta daidai, kalma ɗaya ta fito da alama iri biyu. Sa'an nan ya bi duk shafin da jan layi, har mutum ya daina ganin kuskuren gaske a cikin na ƙarya. Duk waɗannan ana kashe su a sashen gyaran rubutu na editan, kuma ana iya gaya masa cewa wannan rubutu ba Turanci ba ne, ya bar duba shi.

Babbar matsalar ita ce haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa inda mu muke sa 'y. A zamanin tafireta da biro ake bi a sa musu ƙugiya bayan an gama bugu. Da kwamfuta ta zo, kafin tsarin Unicode da aka fara fitarwa a 1991 ya game ko'ina, masana suka yi dabarar ƙera samfuran haruffa na musamman, irin su Rabi'at da Abdalla waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar, kuma sun yi wa ɗab'in Hausa hidima ƙwarai. Dabarar irin waɗannan samfura ita ce a ari gurbin wata alama da ba a cika bukata ba a zana harafin Hausa a wurin. Muddin takarda za a buga, ba matsala. Amma imel tafiya yake yi zuwa na'urar da ba ta da samfurin, kuma ko a taka na'urar, amsa tana iya komawa samfurin da aka tanada wa amsoshi. Nan take sai aron ya tonu, ƙasa ta zama }asa, ɗaya ta zama ]aya. Na tabbata da yawanku kun ga irin wannan. A Unicode kowane ɗayan haruffan nan yana da lambarsa ta kansa da ba ya tarayya da kowa a kanta, saboda haka ko an sauya samfuri harafin yana nan. Abin da ake bukata shi ne allon rubutu na Hausa, wanda Windows ke da shi, wayoyin hannu ma suna da shi, sa'an nan a tabbata saƙo yana fita da tsarin UTF-8. Wanda ya ga wannan wahala ce ya zubar da ƙugiyar gaba ɗaya, to, ya tuna cewa ita ce ta raba ƙafa da kafa, ta raba ɓata da bata, ta raba ɗaki da daki. A takardar ofis da ke maganar kafa kwamiti ko ɓata kuɗi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Saura abu biyu ƙanana. Na farko sa hannu na ƙarshen saƙo. Outlook ya ba da damar a ajiye iri biyu, ɗaya na sabon saƙo, ɗaya na amsa. A sa cikakken suna da muƙami da adireshin ofis a na farko, na amsa kuwa suna da lambar waya sun isa. Ba shi da kyau a ga amsa mai kalma uku tana jan jelar layi goma sha biyu da tambarin ma'aikata, a maimaita haka sau takwas a zance guda. Na biyu kan magana. RE ɗin nan daga Latin aka samo ta, ma'anarta "game da", kuma tana cikin wasiƙun ofis tun kafin kwamfuta. Wanda ke hulɗa da ofisoshin Nijar ko Chadi zai riƙa ganin TR: a saƙon da aka turo, wannan ita ce alamar turawa a Outlook na Faransanci, ba kuskure ba ne. In zance ya sauya hanya, aka fara da batun hutu aka koma batun gyaran mota, a sauya kan maganar, kamar yadda rajista ke buɗe sabon fayil in batu ya sauya.

Wani ɗalibi ya taɓa tambayata ko ya halatta ya buɗe amsar imel da "bayan gaisuwa mai yawa", ko kuwa wannan ƙauyanci ne. Na ce masa na'ura ba ta hana ba, kuma in ya ga yana maimaita ta kullum yana iya ajiye ta cikin guntayen rubutun da Word ke adanawa ya riƙa kiranta da harafi kaɗan. Lokacin da nake karatu a ƙasar waje malamin da ke duba aikina yakan amsa mini da layi ɗaya ba gaisuwa, na yi wata uku ina zaton fushi yake yi da ni, ashe haka al'adarsu take. Shi ma daga baya ya gaya mini ya daɗe yana mamakin dalilin da ya sa nake tambayar lafiyar iyalinsa a kowane saƙo alhali ban taɓa ganinsu ba. Saboda haka na ce wa ɗalibin ya duba wanda zai rubuta wa: in hakimin garinsu ne ko malaminsa, ya cika gaisuwa a amsar farko, ya taƙaita ta a waɗanda suka biyo baya a yini guda.

Malam Shugaba, na ga ka dubi agogo sau biyu. A nan zan dakata, in akwai tambaya sai a yi.